Daga Gulbin Jega Zuwa Bakin Teku: Darasin Ilmin Halittu a Wajen Aji

A cikin darussan kimiyya da ake karantar da 'yan aji biyar da aji shida na firamare akan zo kan batun teku da halittun da ke zaune a gaɓarta. Malami a Birnin Malam, ko a Aliero, ko a Maiyama, yakan tsaya gaban allo ya zana igiyar ruwa da alli, ya ce wa yara teku ruwan gishiri ce wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Yara su amsa baki ɗaya, su kwafe a littafi, a kaɗa ƙararrawa a tashi. Mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Jega faɗi ba, kuma sau da yawa shi kansa malamin haka yake. Takwarorinsu na Legas kuwa mota ake cikawa da su, a kai su gandun dajin da aka keɓe kusa da teku, su wuni suna kallon abin da waɗannan suka haddace.

Daga Jega zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 700. Babu makarantar firamare ta ƙauye da za ta iya ɗaukar nauyin wannan tafiya, kuma da wuya a sami uban da zai yarda a yi nisa haka da ɗansa mai shekara 11. Saboda haka malamai da yawa sun yanke ƙauna, sun ɗauka darasin gaɓar ruwa darasi ne na allo da alli kurum. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ƙa'idodin halitta da ake nuna wa yaro a bakin teku suna nan suna aiki a fadamar da ke bayan gari. Abin da ya bambanta wuraren biyu shi ne gishiri da kuma lokaci: abin da teku take yi sau biyu a kowace rana, gulbi yana yinsa sau ɗaya a shekara. Malamin da ya fahimci wannan ya sami ɗakin gwaji wanda ba a kashe ko kwabo wajen gina shi ba.

Abin da ake nuna wa yara a bakin teku

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa iyakar Kamaru. Ɗaya daga cikin wuraren da makarantun Legas kan kai yara shi ne gandun Lekki, wanda gidauniyar kiyaye halittu ta NCF ta kafa a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne, a kan zirin ƙasar da ke tsakanin tafkin Legas da Tekun Atlantika. Dausayi ne da kurmi da ɗan fili mai ciyawa. An shimfiɗa hanyar katako a bisa ruwan dausayin don kada masu ziyara su tattake abin da suka zo gani, sa'an nan akwai gada mai lilo, mai tsawon mita 401, wadda aka rataya a tsakanin kawunan itatuwa. Birai ne suka fi ɗauke hankalin yara, sai kada da kunkuru da tsuntsaye. Lokacin da aka kafa gandun, daji ne a kewayensa. Yau gidaje da tituna sun zagaye shi har ya zama kamar tsibiri.

Ainihin dajin gaɓar teku kuwa yana can gabas, a Neja-Delta, inda kogin Kwara ya rarrabu ƙorama-ƙorama kafin ya faɗa teku. A nan ne ake samun itatuwan da masana ke kira mangurob, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawan dajinsu. Kafin a fahimci waɗannan itatuwa dole ne a fahimci halin ruwan da suke tsaye a ciki. Wata yana jan ruwan teku da ƙarfin nauyinsa, rana ma tana taimakawa, ita kuma duniya tana juyawa. Wannan ya sa teku take cika ta hau gaɓa, sa'an nan ta janye, sau biyu a rana, kuma tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. A wajen Legas ruwan yakan hau kimanin mita 1, a wajen Kalaba kuwa yakan kusanci mita 3.

Duk halittar da ke zaune a tsakanin iyakar cika da iyakar janyewa tana cikin tsaka-mai-wuya. Ruwa ya rufe ta sa'o'i shida, rana ta gasa ta sa'o'i shida. Ruwan yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma taɓon da ke ƙasa ya cushe har iska ba ta ratsa shi, alhali saiwa tana bukatar iskar oksijin kamar yadda ganye yake bukatar haske. Mangurob irin wanda ake kira Rhizophora yana fitar da saiwoyi daga jikinsa sama da ruwa, su lanƙwaso su kafe a taɓo kamar tokaren rumfa, suna riƙe shi suna kuma shaƙar masa iska. Ɗansa yakan tsira tun yana rataye a reshe, ya yi dogon tsini, don in ya faɗo ya sami damar kafewa ko ya bi ruwa zuwa wata gaɓar. Irin da ake kira Avicennia shi kuwa saiwoyinsa suke ɓullowa daga taɓo zuwa sama kamar an kakkafa fensir, kuma yana fitar da gishirin da ya sha ta ganyensa, har a kan ga ƙwayoyin gishiri a kai. A ƙarƙashin itatuwan akwai ƙaguwa mai haƙa rami, da wani ƙaramin kifi mai fitattun idanu wanda ke barin ruwa ya yi rarrafe a kan taɓo da fikafikansa na gaba. Muhimmin abu dai shi ne tsakanin waɗannan saiwoyi ne 'ya'yan kifi da jatan lande suke fakewa har su girma. Wanda ya sare mangurob don itacen girki ya rage kifin da za a kama a tsakiyar teku, ko da bai taɓa riƙe taru ba.

Fadama: gaɓar da ke cika sau ɗaya a shekara

Gulbin da ya ratsa ƙasar Jega shi ne Gulbin Zamfara, wanda kuma ake kira Gulbin Gindi. Yana haɗuwa da Gulbin Kebbi a kudu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara, su wuce ta Yawuri zuwa tafkin Kainji, daga nan Jebba, sai Lokoja inda Binuwai yake shigowa, har zuwa Neja-Delta. Watau ruwan da ya wuce ta Jega shi ne, a ƙarshe, yake shayar da waɗancan itatuwan mangurob, kuma lakar da ya kwaso daga gonakin Zamfara da Kebbi tana cikin taɓon da suke tsaye a kai. Wannan kaɗai ya isa a zana wa yara a ƙasa da tsinke kafin a bar makaranta.

Idan damina ta kankama, wajen Agusta da Satumba, gulbi yakan cika ya fita daga hanyarsa ya malale fadama. Daga kaka ruwa yakan fara janyewa, ya bar tafkuna da kududdufai, su ma su yi ta ƙanƙancewa har bazara ta busar da mafi yawansu, ƙasa ta tsattsage. Halittun fadama suna fuskantar abin da na bakin teku suke fuskanta, nutsewa da bushewa da ƙarancin iska, sai dai nasu na watanni ne, na waɗancan na sa'o'i. Giyayya takan tsaya cikin ruwa wata da watanni ba ta mutu ba, bagaruwa ma tana da irin wannan juriya, alhali da za a dasa gero a wurin da ya ruɓe cikin 'yan kwanaki. Bado yana da ƙananan hanyoyin iska a cikin dogon karansa, waɗanda ke kai iska daga ganyen da ke shimfiɗe a kan ruwa zuwa saiwar da ke binne cikin laka. In aka yanka karan aka duba bakin yankan, ramukan suna nan a fili, kuma yaro yana iya sa baki ya hura ya ga kumfa tana fita ta ɗaya ƙarshen. Kainuwa, dashen Allah, ita ba ta kafe ko'ina ba: ganyenta cike yake da iska da gashi-gashi mai hana jiƙewa, saiwarta tana reto cikin ruwa.

A cikin kifaye babu wanda ya kai gaiwa ban mamaki. Gaiwa tana da huhu, kuma in ta girma dole ne ta riƙa tasowa tana shaƙar iska, har ma idan aka danne ta ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa sai ta mutu, kifi ke nan ruwa ya ci shi. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi wanda zai bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar ɗan rami daidai bakinta don iska. A haka za ta kwana rani, bugun zuciyarta ya ragu, ba ci ba sha. Masunta kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma kimiyya ta gaskata su: naman jikinta ne take narkarwa a hankali don ta rayu, dattin da ya taru kuma tana ajiye shi a jiki har ran da ruwa ya dawo ta zubar. An tsare gaiwa a cikin busasshiyar laka a ɗakunan gwaji fiye da shekara, aka zuba ruwa ta farfaɗo. Tarwaɗa ita ma tana da wata gaɓa a cikin kanta mai ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a cikin kwano a kasuwa bayan sauran kifaye sun mutu, kuma takan ja jiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan.

Da zarar gulbi ya malale, kifaye sukan bi ruwa su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai. Ruwan fadama ba shi da zurfi, yana da ɗumi, ga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobin da suka yi kiwo a wurin da rani, saboda haka ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci sukan yawaita ƙwarai. Aikin da saiwar mangurob take yi wa kifin teku, shi ne ciyawar fadama take yi wa tarwaɗa da karfasa. Shekarar da ruwa bai malale sosai ba kifi yakan yi ƙaranci a ranin da ya biyo baya. An ga haka a fadamun Gulbin Sakkwato bayan an gama madatsar Bakolori a 1978, inda raguwar malalar ruwa ta taɓa masunta da manoman shinkafa da ke ƙasa da madatsar. Wannan bai hana a gaya wa yara gaskiya game da ɗaya ɓangaren ba: ruwan da ke renon kifi shi ne, in ya wuce kima, yake cinye gona, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafa a Jihar Kebbi.

Baƙin da ke haɗa gaɓoɓin biyu

Tsuntsaye su ne suka san bakin teku da bakin gulbi duka. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san shamuwa, wadda ke sauka gab da damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, in kaka ta yi ta tashi. Kudancin Afirka take zuwa, tana bin damina da farin da damina ke kawowa. Balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya kuwa 'yan gida ne, sai dai su sauya tafki. Amma da hunturu akwai waɗansu baƙi waɗanda suke yin ƙwai a Turai da Asiya, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su zo fadamun Afirka ta Yamma su yi ɗari. Cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu masu tsintar zubabbiyar shinkafa a gonakin da aka girbe. Akwai wani ɗan ƙarami, bayansa ruwan ƙasa cikinsa fari, wanda ke tafiya shi kaɗai a bakin ruwa yana ta kaɗa gindi sama da ƙasa. Nauyinsa bai wuce giram 50 ko 60 ba, kuma irinsa ake gani a bakin tafkin Legas da bakin gulaben Arewa a lokaci guda.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da sanyi ba, har waɗansu suka zaci cikin laka suke shiga su yi barci, kamar dai gaiwa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta ɗauko shi ta kai har can. Yau masana zobe suke sa wa tsuntsu a ƙafa, mai lamba da sunan gari. Yaron da ya ga mataccen tsuntsu ko wanda aka kama da irin wannan zobe, ya kamata ya sani ba abin tsafi ba ne, kuma ba a biyan lada a kansa. A rubuta lambar da rana da wuri a kai wa malami, shi kuma ya miƙa wa sashen ilmin halittu na jami'ar da ke Aliero.

Saboda irin waɗannan tsuntsaye ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971. Wurin farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta shi ne tafkin Nguru, a 2000, kuma a 2008 aka ƙara da tsibiran Foge da ke cikin tafkin Kainji. Ranar 2 ga Fabrairu ta zama ranar dausayi ta duniya, kuma ta faɗo daidai da bukatar malamin ƙasar Kebbi, domin a lokacin ruwa ya janye, gaɓa ta bushe ana iya takawa, baƙin tsuntsaye suna nan, zafin bazara bai sauka ba.

Yadda za a fita da yara

Ziyarar makaranta takan lalace ta hanya ɗaya sananniya: a sa yara a layi, a yi tafiya ana waƙa, a ci abinci a gindin itace, a dawo. Yara sun ji daɗi, amma in aka tambaye su abin da suka gani sai su ce ruwa. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma sai idan an koya wa ido abin da zai nema. Aikin yana farawa ne mako guda kafin fita. Malami ya je wurin shi kaɗai ya duba hanya da inuwa da inda gaɓa take da santsi. Ya nemi izinin hedimasta da na iyaye, ya sanar da mai unguwa, ya roƙi wani dattijon masunci ya raka su. Wannan dattijo ba ɗan rakiya ba ne kurum. Ya san sunan kowane kifi da inda rami yake a cikin ruwa, kuma ya fi littafin aji sanin wannan tafki. Kada yaran da babba ɗaya zai kula da su su wuce goma. Tafiya mai nisa, irin ta zuwa gandun dajin Kainji, sai an tuntuɓi hukuma tukuna, domin halin tsaro a dazuzzukan wannan yanki ya taɓarɓare a 'yan shekarun nan.

Kayan aiki ba su da yawa: igiya mai tsawon mita 20 wadda aka ƙulla a kowane mita 2, da karan dawa huɗu da aka ɗaure su suka yi murabba'i, da kwalabe masu faɗin baki, da farin kwano, da rariya da aka ɗaura a bakin doguwar sanda, da littafi da fensir ga kowane yaro. A miƙe igiyar daga busasshiyar ƙasa zuwa bakin ruwa. A kowane ƙulli a ajiye murabba'in, yara su ƙirga irin tsirrai nawa ne a ciki, su ɗebi ƙasa su murza a hannu su rubuta ko yashi ce ko laka, busasshiya ko jiƙaƙƙiya. Kafin su kai ƙulli na goma za su gano da kansu cewa tsirrai ba a warwatse suke ba, sahu-sahu suke, kowane yana tsaye daidai inda yake iya jure wa ruwa. Wannan jeri shi ne ɗalibin jami'a yake aunawa a dajin mangurob da kayan aiki masu tsada. A kuma sa su nemi alamar da ruwan damina ya bari a jikin itatuwa, su auna tsawonta daga ƙasa. Yaro yakan yi shiru in ya ga alamar ta wuce kansa a wurin da yake tsaye.

Malami ne kaɗai zai ja rariya a cikin ciyawar ruwa, ya juye a farin kwano. A bar ruwan ya kwanta, yara su kewaye su duba. Da farko za su ce babu kome. Bayan minti ɗaya ko biyu abubuwa za su fara motsi: 'ya'yan kwaɗi, tsutsar sauro mai lanƙwasa, ƙwaro mai iyo a rigingine, matsattsaku, katantanwa. Kowa ya zana ɗaya, ya ƙirga ƙafafunsa, sa'an nan a mai da su ruwa. Daga ƙarshe a zauna shiru minti 10 ana ƙirga tsuntsaye. Wannan shi ne mafi wuya ga 'yan firamare, kuma shi ya fi amfani.

Doka ɗaya ba ta da sassauci, ita ce babu yaron da zai sa ƙafa ko hannu cikin ruwan, kuma babu shiga kwalekwale. Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra a watan Mayu na 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, bai kamata ya fita daga zuciyar wanda ke tafiya da 'ya'yan mutane ba. Baya ga nutsewa akwai tsargiya. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa yana zubar da ƙwayayen wata tsutsa, su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙaramar katantanwa irin wadda aka gani a kwano, su hayayyafa a ciki, su fito dubbai, musamman da tsakar rana, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. A jikin mutum sukan zauna a jijiyoyin jinin mafitsara, kuma ƙwayayensu ne ke sa fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851. A waɗansu ƙauyuka har yanzu akan ɗauki fitsarin jini alamar balagar namiji. Ciwo ne, yana rage jini, yana dakushe karatu, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, kuma akwai maganinsa a asibiti, praziquantel. Idan ziyarar ba ta koya wa yara kome ba sai wannan, ba a yi asarar wunin ba.

Washegari a aji sai a kawo teku. A zuba gishiri cokali biyu na cin abinci a cikin lita ɗaya ta ruwa, ƙarfin gishirin teku ke nan, kowa ya ɗanɗana a bakin yatsa. A shuka wake a gwangwani biyu, in ya tsira a riƙa ba ɗaya ruwan rijiya, ɗaya ruwan gishirin. Cikin 'yan kwanaki na biyun zai yanƙwane alhali ƙasarsa a jiƙe take, domin ruwa yana barin inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa, watau ƙasar ce take tsotse ruwa daga saiwar. Yaron da ya ga haka da idonsa zai gane girman abin da mangurob yake yi, zai kuma gane dalilin da ya sa manomin albasa a Aliero yake tsoron farin gishirin da kan taso a fuskar gonar ban-ruwa.

Keɓe wuri ba baƙon abu ba ne

Akan ɗauka keɓe wuri don kiyaye halittu al'adar Turawa ce. Mutanen Kabi sun riga sun san ta. A Argungu, yankin gulbi da ake kira Matan Fada yana ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma ba a su a cikinsa sai an ba da izini. Wannan hani ne yake barin giwan ruwa ya girma har ya kai irin waɗanda ake fitowa da su ranar bikin kamun kifi, da homa da gora. Bikin a sigarsa ta yanzu ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da Sarkin Ruwa yake yi shi ne masana kiwon kifi suke kira rufe ruwa don kifi ya huta. Kishiyarsa su ne taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da zuba guba irin su Gamalin a tafki, wadda ke kashe babba da ƙarami, ta kuma bi kifin zuwa tukunyar miya. Ya kyautu yara su tambayi dattijon masuncin da ya raka su ko tafkin garinsu ya taɓa samun irin wannan doka, da wanda ke tsare ta, da kuma ko tana nan.

A irin wannan fita ba a rasa yaron da zai tambaya ko teku ta taɓa zuwa nan. Amsar ita ce ta taɓa zuwa kusa ƙwarai. Kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take yanzu ya rufe sassan ƙasar Sakkwato. Shaidar tana cikin duwatsu. A wajen Dange da Wurno da Kalambaina ana tono ɓawon katantanwar teku da haƙoran kifayen teku waɗanda suka zama dutse, kuma akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada wadda aka sa wa suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi ragowar halittun wannan teku ne da suka taru a ƙarƙashin ruwa. Malamin da hanya ta kai shi Sakkwato yana iya neman guntu ɗaya mai zanen ɓawo a jiki, ya kawo ya ajiye a tagar aji kusa da gwangwanayen wake.